Hawan jini: Me ya sa maganin da ya yi wa wani aiki ba lalle ya yi wa maƙwabcinsa ba?

A cikin watan Satumba na shekarar 2025 ne Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da rahotonta na biyu a kan cutar hawan jini, inda ta ce mutane kimanin biliyan 1.4 ne ke ɗauke da cutar a faɗin duniya a shekarar 2024, kuma waɗanda suka iya shawo kanta ba su wuce ɗaya cikin biyar da wani abu kaɗan ba.

Tun a rahoton farko na 2023 hukumar ta nuna cewa adadin masu cutar ya ninka tsakanin 1990 da 2019, daga miliyan 650 zuwa biliyan 1.3, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da ita ba.

Abin da ya sa waɗannan alƙaluma ke da ɗaure kai shi ne, hawan jini ba ya cikin cututtukan da suka gagari masana. Lokacin da shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu a watan Afrilun 1945, awon jininsa ya kai 300 bisa 190, kuma likitocinsa ba su da wani maganin kirki da za su ba shi. A yau kuwa akwai magunguna iri-iri, da dama daga cikinsu masu araha ne, wasu ma sun fi shekara 40 a kasuwa.

Sai dai duk wanda ya taɓa zaman jiran likita ya san wannan labarin: mutum biyu, awonsu kusan ɗaya, an rubuta musu magani iri ɗaya, jinin wannan ya sauka, na wancan ko gezau. Amsar wannan lamari tana cikin wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, waɗanda ke jikin ƙwayoyin da suka haɗu suka yi zuciya da ƙoda da jijiyoyin jini. Masana na kiran su makarɓan saƙo.

Sallama a zaure

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar lamarin ita ce a ɗauki kowace ƙwayar jiki a matsayin gida irin na gargajiya. Baƙo ba ya kutsawa cikin gida kai tsaye. A zaure yake tsayawa ya yi sallama, yaro ya fito ya ji abin da ke tafe da shi, sannan ya kai saƙon ciki.

Haka sinadaran da jiki ke aikawa ta cikin jini suke yi. Da yawa daga cikinsu, irin su adirenalin, ba sa shiga cikin ƙwayar. Suna tsayawa ne a bakinta su manne wa makarɓin saƙo, wanda shi ne zauren. Da zarar sun manne sai makarɓin ya sauya siffa, ya tayar da wani sinadarin furotin da ke daga ciki, wanda ake yi wa laƙabi da harafin G. Shi ne yaron da ke kai saƙo. Daga nan ne ƙwayar ke yin abin da aka umurce ta: tsokar zuciya ta ƙara bugawa da ƙarfi, ko jijiyar jini ta tsuke.

An daɗe ana gardama a kan ko waɗannan zauruka suna nan da gaske, ko kuwa hasashen masana ne kawai. A 1948 wani masanin magunguna a jihar Jojiya ta Amurka, Raymond Ahlquist, ya ce dole adirenalin yana da zaure iri biyu, ya kira su alfa da beta, amma ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba sai daga baya.

Wanda ya ɗauke ta shi ne James Black, ɗan yankin Sikotlan na Birtaniya. Shi ya yi tunanin cewa idan zuciya mai ciwo tana wahala saboda adirenalin na ingiza ta, to a samo wani abu da zai zauna a ƙofar zauren beta ya hana ɗan aiken shiga. Sakamakon haka ne aka samu maganin furofiranolol a tsakiyar shekarun 1960, kuma Black ya samu lambar yabo ta Nobel a 1988.

Robert Lefkowitz na Jami'ar Duke da ɗalibinsa Brian Kobilka su ne suka kawo ƙarshen gardamar. A 1986 suka gano ƙwayar gadon da ke samar da makarɓin beta, suka kuma lura cewa yana ratsa bangon ƙwayar jiki sau bakwai, kamar dai makarɓin haske da ke cikin ido. A 2011 Kobilka da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka fitar da hoton makarɓin a daidai lokacin da yake miƙa saƙo ga furotin G. Shekara guda bayan haka aka ba su Nobel a fannin kimiyyar sinadarai.

Yanzu an san cewa ɗan Adam na da makarɓai na wannan dangi kimanin 800, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan da aka amince da su ta nan suke aiki.

Ƙoda ce ke riƙe da linzami

Jama'a da dama sun ɗauka hawan jini lamari ne na zuciya da tunani kawai, shi ya sa ake cewa wane ya sa wa wane hawan jini. Damuwa na da nata tasirin, amma babban linzamin yana hannun ƙoda.

Tun a 1898 wasu masana biyu a birnin Stockholm na Suwidin, Robert Tigerstedt da Per Bergman, suka gano wani sinadari a cikin ƙoda da ke ɗaga jini, suka sa masa suna renin.

Ga yadda abin yake tafiya. Idan ƙoda ta ji ƙarfin jinin da ke iso mata ya ragu, ko gishiri ya yi ƙaranci, sai ta saki renin. Shi kuma ya yanki wani furotin da hanta ke samarwa, a sami anjiyotensin na ɗaya. Wani sinadarin da ake kira ACE, wanda ya fi yawa a jijiyoyin huhu, shi ke mayar da shi anjiyotensin na biyu. Wannan na biyun shi ne ɗan aiken mai zafi.

Idan ya yi sallama a zauren da ake kira AT1, a jikin jijiyoyin jini, sai sinadarin kalsiyam ya cika ƙwayoyin tsokar jijiyar, ta tsuke. A wata 'yar halitta da ke zaune a kan ƙoda kuma sai ya sa a saki aldostiron, wanda ke umurtar ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. A ƙwaƙwalwa yana tayar da ƙishirwa. Hanya ta ƙuntace, ruwa ya ƙaru, dole jini ya hau.

Wannan tsari rahama ce ga wanda ya zubar da jini ko ya yi fama da gudawa, domin shi ke riƙe shi kafin a kai shi asibiti. Matsalar ita ce idan sallamar ta ƙi ƙarewa. Shekara da shekaru ana ƙwanƙwasa zauren AT1 na sa bangon zuciya ya yi kauri ya kuma yi tabo, jijiyoyi su sandare, matatar ƙoda ta lalace. Ƙarshen abin shi ne shanyewar ɓarin jiki, ko gazawar zuciya, ko zaman wankin ƙoda.

Maganin farko da ya datse wannan hanya, abin mamaki, daga dafin maciji ya samo asali. A 1965 wani masani ɗan ƙasar Brazil, Sérgio Ferreira, ya gano wasu sinadarai a dafin wani maciji na ƙasarsu mai suna jararaka, waɗanda daga baya aka tabbatar suna hana ACE aiki. A kan wannan ne masana a kamfanin Squibb na Amurka suka haɗa maganin kaftofiril, wanda aka amince da shi a 1981. Lisinofiril da ferindofiril duk danginsa ne.

A 1995 kuma aka amince da losatan, wanda maimakon ya hana haɗa ɗan aiken, sai ya je ya tare ƙofar zauren AT1 ita kanta.

Inda gizo ke saƙa

Da labarin ya tsaya a nan, da sai a ce an gama. To amma tun da wuri likitoci suka lura cewa waɗannan magunguna, idan aka ba da su su kaɗai, ba sa sauke jinin baƙar fata da dama kamar yadda suke sauke na Turawa.

Dalilin da masana suka fi bayarwa shi ne, a jikin mutane da yawa 'yan asalin Afirka masu hawan jini, ƙoda tana riƙe gishiri fiye da ƙima. Da yake ruwa ya riga ya yi yawa a jiki, ƙodar ba ta ga dalilin sakin renin ba, don haka sinadarin ya kan yi ƙasa. A irin wannan hali, tare ƙofar AT1 tamkar sa mai gadi ne a zauren da ba a cika yin sallama a cikinsa ba. Haka ma magungunan da ke tare beta, domin wani ɓangare na aikinsu shi ne rage sakin renin.

Magunguna biyu ne ba su damu da wannan ba. Na farko shi ne mai sa fitsari, wanda ke fitar da gishirin da ruwan. Na biyu shi ne amlodifin da danginsa, waɗanda ba sa tsayawa a zaure ko kaɗan. Suna toshe mashigar kalsiyam ne a tsokar jijiya, ta yadda ko wane ɗan aike ne ya zo, jijiyar ba za ta tsuke sosai ba.

Babban gwajin nan na Amurka da aka fi sani da ALLHAT, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2002, ya ƙunshi mutane fiye da dubu 33, kuma kimanin kashi 35 cikin 100 baƙar fata ne. A cikin baƙar fatan, waɗanda aka fara wa da lisinofiril sun fi waɗanda aka fara wa da maganin sa fitsari samun shanyewar ɓarin jiki da kimanin kashi 40 cikin 100.

Akwai kuma batun illa. Sinadarin ACE yana da wani aikin na daban, wato rusa wani abu da ake kira biradikinin. Idan aka hana shi aiki sai wannan abu ya taru, ya jawo busasshen tarin da wasu masu shan lisinofiril ke kuka da shi, wani lokaci kuma kumburin leɓe da harshe da maƙogwaro, wanda ya fi aukuwa ga baƙar fata. Bugu da ƙari, dangin lisinofiril da na losatan duka suna iya cutar da ɗan tayi, don haka ba a ba mai juna biyu. Wannan kaɗai ya isa ya sa a yi hattara da al'adar nan ta ɗaukar kwalin maganin wani a tafi kyamis a ce a ba da irinsa.

Sai dai a nan ya kamata a taka a sannu. Launin fata ba awon jini ba ne, kuma babu nahiyar da mutanenta suka bambanta da juna ta fuskar ƙwayoyin gado kamar Afirka. Wani bincike da Richard Cooper da abokan aikinsa suka wallafa a 1997 ya kwatanta baƙar fata a wurare daban-daban, ya sami hawan jini a jikin kimanin kashi 16 cikin 100 a Afirka ta Yamma, kashi 26 a yankin Karibiyan, da kashi 33 a Amurka. Tsatso ɗaya ne, amma abinci da ƙiba da yanayin rayuwa sun bambanta. Ke nan ba daidai ba ne a kwashe sakamakon gwajin da aka yi a Chicago a shimfiɗa shi a kan manomin Bichi ba tare da an gwada ba.

Cece-ku-cen da ya biyo bayan amincewa da maganin BiDil a Amurka a 2005, wanda aka ware shi ga baƙar fata masu gazawar zuciya, a kan wannan batu ya ta'allaƙa. Gwajin ya nuna raguwar mace-mace da kashi 43 cikin 100, amma masu suka sun ce launin fata ma'auni ne mai rauni da ake fakewa da shi saboda ba a auna ainihin abin da ke faruwa a jikin kowane majinyaci ba.

Gwajin da aka yi a gida

An daɗe likitocin Afirka na dogaro da sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje na ƙetare. Lamarin ya fara sauyawa a 2019, lokacin da mujallar likitoci ta New England ta wallafa sakamakon gwajin CREOLE, wanda Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, kuma Farfesa Mahmoud Sani na Jami'ar Bayero ta Kano na cikin waɗanda suka gudanar da shi.

An ɗauki majinyata 728 a cibiyoyi goma a ƙasashe shida: Najeriya, Kamaru, Kenya, Yuganda, Mozambik da Afirka ta Kudu. An kasa su uku. Kashin farko an ba su amlodifin da maganin sa fitsari, na biyu amlodifin da ferindofiril, na uku kuma ferindofiril da maganin sa fitsari.

Bayan wata shida, kashi biyun da ke da amlodifin sun fi na ukun samun saukar jini da kimanin maki 3 a lambar sama, bisa awon da aka yi na sa'o'i 24. Maki uku na iya zama kamar ba komai ba ga mutum ɗaya. Amma idan aka lissafa shi a kan miliyoyin jama'a, yana nufin gidaje masu yawa da ba za a yi jinyar shanyewar ɓarin jiki a cikinsu ba.

Darasin gwajin bai ce a watsar da magungunan da ke datse hanyar anjiyotensin ba. Suna aiki sosai idan aka haɗa su da amlodifin, kuma ga mai ciwon ƙoda ko gazawar zuciya suna ba da kariyar da ta wuce sauke lambobi. Abin da ya nuna shi ne wanda ya kamata ya zama ginshiƙi. Tsarin bai-ɗaya da Najeriya ta tsara wa ƙananan asibitoci, wanda aka fara aiki da shi a jihohin Kano da Ogun a 2020, yana farawa ne da amlodifin, sannan a ƙara losatan idan jinin bai sauka ba.

Akwai masu ganin ya kamata a wuce nan, a riƙa auna renin da aldostiron na majinyacin da jininsa ya ƙi sauka, a zaɓa masa magani daidai da abin da aka gani. Wani ƙaramin bincike da aka wallafa a 2017, wanda aka yi a Najeriya da Kenya da Afirka ta Kudu, ya nuna cewa rabin waɗanda aka yi wa hakan sun shawo kan cutar bayan shekara guda, alhali a cikin waɗanda aka bi hanyar da aka saba da su kimanin ɗaya cikin goma ne kawai. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma awon yana da tsada, amma hanyar da binciken ya nuna tana da ma'ana.

Zauruka ba sa zama yadda suke

Wani abin da binciken makarɓan saƙo ya bankaɗo, wanda kuma ya fi shafar talaka kai tsaye, shi ne cewa yawan zaurukan ba a ƙayyade yake ba. Ƙwayar jiki tana ƙara su ko ta rage su gwargwadon yawan sallamar da ake yi mata.

Idan zuciya ta fara gazawa, jiki ya kan yi ta aika mata adirenalin da danginsa don ta ƙara ƙoƙari, kamar mai bulalar jakin da ya riga ya gaji. Don kare kanta sai zuciyar ta rufe wasu ƙofofin. A 1982 Michael Bristow da abokan aikinsa suka nuna cewa makarɓan beta a zuciyar da ta gaza sun ragu da kusan rabi.

Shekaru da dama ana koya wa likitoci cewa kada su kuskura su ba mai gazawar zuciya maganin da ke tare beta, domin zai ƙara raunana ta. Wasu likitoci a birnin Gothenburg na Suwidin ne suka fara ƙalubalantar wannan a 1975, kuma ba a gaskata su ba sai da manyan gwaje-gwaje biyu a 1999 suka nuna cewa irin waɗannan magunguna, idan aka fara da kaɗan ana ƙarawa sannu a hankali, suna rage mace-mace da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Ajiye bulalar ne ya ba jakin damar farfaɗowa.

Akasin haka shi ne haɗarin. Wanda ya daɗe yana shan maganin da ke tare beta, jikinsa ya kan buɗe ƙarin zauruka. Ranar da ya daina sha farat ɗaya, adirenalin zai tarar da ƙofofi fiye da na da, duk a buɗe. Zuciya sai ta ɗauki gudu, jini ya yi tsalle, ga mai toshewar jijiyoyin zuciya kuwa abin na iya kai wa ga bugun zuciya.

To a nan ne kimiyya ta ci karo da aljihu. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyata yake fitowa. Bayan faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023, da kuma sanarwar da kamfanonin GSK da Sanofi suka yi a wannan shekarar cewa za su daina gudanar da harkokinsu kai tsaye a ƙasar, farashin magunguna da dama ya yi tashin gwauron zabi. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan wani umurni na cire haraji a kan kayayyakin haɗa magunguna domin rage raɗaɗin.

Magidancin da ke shan magani sati biyu ya huta sati biyu ba taurin kai ne kawai ke damunsa ba. Sau da yawa yana zaɓe ne tsakanin kwalin magani da kwanon masara. Wani kuma ya kan daina ne saboda ciwon kai ya tafi, ya ɗauka ya warke, alhali hawan jini kan yi shekaru yana ɓarna ba tare da wata alama ba. Sannan ga gishiri, wanda WHO ta ce kada ya kai giram 5 a rana ga baligi, amma yana shiga tukunya ta hanyar dunƙulen ɗanɗano da kanwa ba tare da an lissafa da shi ba. Ga wanda ƙodarsa ke riƙe gishiri, wannan na rage wa magani ƙarfi.

Masana na ci gaba da neman sababbin ƙofofi. A watan Maris na 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da maganin afurositentan, wanda ke tare makarɓin wani sinadari mai tsuke jijiya da ake kira endotelin, domin masu hawan jinin da ya gagari sauran magunguna. Irin wannan zai daɗe kafin ya iso ƙananan asibitocin karkara.

Wanda ya fi kusa da gida shi ne haɗa tsofaffin magunguna uku, kowanne kaɗan, a cikin ƙwaya guda: telmisatan mai tare zauren AT1, da amlodifin, da indafamid mai sa fitsari. An gwada wannan haɗi a kan majinyata 300 a asibitocin gwamnati a Najeriya, a gwajin VERONICA da aka wallafa a 2024, inda bayan wata shida kashi 82 cikin 100 na masu shan ƙwayar suka shawo kan jininsu, idan aka kwatanta da kashi 72 na waɗanda aka bi tsarin da aka saba da su.

A watan Yunin 2025 Amurka ta amince da wannan haɗi da sunan Widaplik. Tambayar da ta rage wa ma'aikatun lafiya da hukumomin inshora a ƙasashen da aka yi waɗannan gwaje-gwaje ita ce nawa ƙwayar za ta kai kafin ta isa hannun majinyaci a Kano ko Garwa, kuma wa zai biya kuɗin wata na biyu da na uku.